Yadda Ake Tsara Ranar Gwajin Lafiya a Tsakiyar Damina

A gidanmu an daɗe da sanin cewa akwai rana guda a watan Agusta da ba na zuwa wurin aiki kuma ba na amsa gayyatar ɗaurin aure ko suna, domin ita ce ranar da na keɓe don zuwa asibiti a duba ni alhali lafiyata ƙalau. Na ɗauki wannan al'ada ne bayan rasuwar baffana, wanda muka yi sallar Asuba tare da shi a masallacin unguwa, kafin Azahar kuwa ɓarin jikinsa ya shanye, sai a asibiti aka gano cewa jininsa ya daɗe da hawa ba tare da ya taɓa kukan ko ciwon kai ba. Na zaɓi Agusta ne saboda lokacin marka ne a Kano, harkoki sun lafa, kuma a iya abin da na gani, ranar da aka wayi gari da ruwa layin asibiti yakan ragu, tunda da yawa sukan ɗaga tafiyar zuwa gobe. Shirin wannan rana yana farawa ne tun mako guda kafin ta zo, ba ya ƙarewa kuma sai an kwanta barci.

Abu na farko shi ne ka san inda za ka je da abin da za a duba maka. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad suna da ɗakunan gwaji, haka ma asibitocin kuɗi da ɗakunan gwaji masu rajista. Ka je da kanka ko ka buga waya ka tambayi abubuwa uku: ƙarfe nawa suke fara ɗibar jini, nawa ne kuɗin kowane gwaji, kuma akwai likitan da zai zauna da kai ya fassara sakamakon ko kuwa takarda kawai za a miƙa maka. Idan kana cikin tsarin inshorar lafiya, na tarayya ko na jiha, ka tambayi waɗanne gwaje-gwaje ne tsarin ya ɗauke maka kafin ka ciro kuɗi daga aljihu. Ka guji masu yawo da wata na'ura da ake riƙewa a tafin hannu, wai cikin minti biyu ta zayyano ciwon hanta da ƙoda da ƙashi, daga bisani a sayar maka da ƙwayoyi masu tsada. Babu na'urar da take sanin halin da ƙodarka ke ciki ta tafin hannu. Jini da fitsari ake dubawa.

Ga baligi mai lafiya, abubuwan da suka fi cancanta a duba ba su da yawa: hawan jini, suga, yawan jini a jiki, aikin ƙoda, fitsari, kitsen da ke cikin jini, ciwon hanta nau'in B da C, da cutar HIV. Wanda bai san jinotaif ɗinsa ba, wato ko shi AA ne ko AS ko SS, ya haɗa da shi, sau ɗaya ake yi a rayuwa idan an yi shi a wuri nagari, kuma tun shekarar 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin jinotaif da na ciwon hanta da na HIV kafin aure. Wanda ya haura shekara 40 ya nemi a auna masa hawan jinin ido, domin cutar gilakoma tana cin gani daga gefe-gefe ba tare da zafi ba, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Mace daga shekara 30 ta tambayi gwajin sankarar bakin mahaifa, ta kuma nemi a duba mata mama. Namijin da ya kai 50, ko wanda fitsari ke tashinsa sau da yawa cikin dare, ya tattauna da likita a kan gwajin furosteti, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Abin da ba na goyon baya shi ne mutum lafiyayye, babu zazzaɓi babu ciwon ciki, ya biya kuɗin gwajin Widal. Wannan gwaji yakan nuna alamar taifot ga mutanen da ba su da ita, sai a ɗora su a kan allurai da ƙwayoyin da ba su buƙata.

Daren jajibere shi ne ginshiƙin komai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin suga na safe yana buƙatar a ƙaurace wa abinci na aƙalla awa 8, idan kuma za a haɗa da kitsen jini, yawancin ɗakunan gwaji sukan nemi awa 9 zuwa 12. Saboda haka ka ci tuwonka kamar yadda ka saba bayan Magariba ko Isha'i, ka rufe baki zuwa ƙarfe tara ko goma. Kada ka rage cin abinci na kwana biyu don sakamako ya yi kyau, domin kanka kawai za ka yaudara. A nan akwai wani kuskure da na ga mutanenmu suna yawan yi: idan ma'aikacin asibiti ya ce a zo da azumi, sai su ɗauka irin na Ramadan ne, su hana kansu ko kurɓin ruwa. Ba haka ba ne. Ruwa zalla ya halatta, ana ma so ka sha kofi ɗaya ko biyu da safe, saboda jijiya takan fito sosai a sami jini cikin sauƙi, fitsari ma ba zai gagara ba. Abin da aka hana shi ne shayi, ko da babu suga, da koko, da kunu, da lemo, da dabino, da goro.

Mai shan maganin suga ko mai yin allurar insulin kada ya yanke wa kansa hukunci. Ya tambayi likitansa tun da wuri yadda zai yi da maganin safe, domin shan sa a kan yunwa yana iya sa suga ya faɗi ƙasa warwas a kan hanya. Mai maganin hawan jini kuwa yawanci ana so ya sha abinsa da ruwa kamar kullum, don a ga ko maganin yana aiki. Mace ta duba kwanakinta, saboda jinin al'ada yana gurɓata gwajin fitsari da na bakin mahaifa, idan kuma tana zaton tana da juna biyu ta faɗa kafin a yi mata hoton ƙirji.

A daren ne kuma za ka haɗa jaka. Katin asibiti, katin shaida, takardun gwajin bara, da biro, duk ka sa su cikin leda mai kauri ka ƙulle bakinta kafin su shiga jaka. Na taɓa yin sakaci da wannan, na sa takardar biyan kuɗi a aljihun gaba na kaftani, yayyafi ya jiƙa ta tawadar ta narke, sai da na koma wurin mai karɓar kuɗi aka yi ta bincike a littafi kusan awa guda. Ka tattara dukkan magungunan da kake sha a kwalayensu, har da na gargajiya: jiƙo, tsimi, garin maganin basir ko na shawara, da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis. Kada kunya ta sa ka ɓoye su, domin magunguna irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna taɓa ƙoda da ciki, likita kuma ba zai gane dalilin abin da ya gani a takarda ba sai ka faɗa masa. Ka rubuta a ƴar takarda cututtukan da ka san suna cikin dangi, na uwa da na uba. Sai lema, da takalmin roba, da riga ta biyu a leda, da abin karin kumallo mara nauyi kamar burodi da dafaffen ƙwai ko ayaba, da tsabar kuɗi a hannu, saboda idan hadari ya taso hanyar sadarwa takan tsinke, tura kuɗi ta waya ya gagara. Rigar da za ka sa ta zama mai faɗin hannu wadda za ta naɗu har sama da gwiwar hannu cikin sauƙi.

Da ka idar da sallar Asuba, ka leƙa gabas. A ƙasarmu daga can hadari yake tasowa, idan ka ga ya haɗu ya yi baƙi kuma iska ta fara kaɗawa, gara ka jira ya sauke ƙarfinsa na farko, wanda sau da yawa ba ya daɗewa, sannan ka fita cikin yayyafi. Amma kada jiran ya zama hujjar fasa tafiya. Ko ka makara da awa guda, azuminka bai lalace ba. A hanya ka girmama ruwa mai gudu. Wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kwashe ƙafar babban mutum, na santimita 30 kuwa yana iya ɗaga ƙaramar mota, balle adaidaita sahu. Idan titi ya shafe ba a ganin bakin kwata, ka bi tsakiyar inda ka ga mutane suna takawa, ko ka sauya hanya gaba ɗaya. Kada ka kusanci wayar lantarki da ta faɗi, kada ka fake a gindin bishiya ana tsawa.

Da isarka, bayan ka yanki kati ka biya, kada ka yarda a auna jininka nan take kana haki kuma jikinka a jiƙe. Sanyi yana tsuke jijiyoyi ya ɗaga awon, haka ma sauri da fargaba. Ka sauya riga idan ta jiƙe, ka zaga bayi, amma ka fara karɓar kwalbar fitsari don kada ka yi asarar wanda za ka bayar. Yadda ake ɗiba shi ne ka wanke hannu da gaba, ka bar na farko ya zuba, ka tari na tsakiya, ka rufe kwalbar ba tare da yatsa ya taɓa cikinta ba. Daga nan ka zauna shiru na minti biyar, bayanka a jingine, tafin ƙafafunka biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannunka a kan tebur daidai da ƙirji. Yayin da abin awon yake matse damtse kada ka yi magana, ko da gaisuwa ce. Ka bari a gama sannan ka tambayi ma'aikaciyar jinya ya aiki ya ruwa. Idan damtsenka babba ne ka nemi a kawo maɗauri babba, saboda ƙarami yakan nuna lamba sama da gaskiya. Ka tambayi lambobin biyu ka rubuta da hannunka, kada ka wadatu da jin "ba laifi". Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140 bisa 90 ko sama da haka a matsayin hawan jini idan an same shi a ranaku biyu mabambanta, don haka awo ɗaya da ya hau ba hukunci ba ne, kira ne a sake aunawa. Wanda ya kai 180 bisa 120 kuwa ba ya barin asibiti sai ya ga likita a ranar.

Wurin ɗibar jini abu ne na minti kaɗan, amma ido yana da aiki. Ka tabbata an ɓare sabuwar allura a gabanka, kuma an rubuta sunanka a jikin kowace kwalba kafin ka tashi, domin a layi ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya har uku. Idan ka san jiri yana ɗibarka da ganin jini, ka faɗa a kwantar da kai, wannan ba abin kunya ba ne. Bayan an zare allura ka danne wurin da auduga na minti biyu zuwa uku, hannunka a miƙe, domin lanƙwasa shi yakan sa jini ya taru a ƙarƙashin fata. Sai ka koma benci ka karya kumallo a nutse kafin ka ci gaba da sauran layuka, na awon nauyi da tsawo, na ido, da na hoto idan an rubuta maka.

Wasu sakamakon, kamar suga da yawan jini da gwajin hanta na gaggawa, sukan fito a ranar; wasu sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Idan ka shiga wurin likita ka fito da ƴar takardarka ta tambayoyi, ka fara da abin da ya fi damunka. Yana da kyau ka san ma'anar lambobi kaɗan tun kafin ka zauna. Sugan safe ƙasa da 100 a ma'aunin mg/dL lafiya ne, daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne cewa ciwon yana bakin ƙofa, 126 ko sama da haka a gwaji biyu kuwa ciwon suga ne. Wasu ɗakunan gwaji suna rubutawa da ma'aunin mmol/L, inda 7.0 take daidai da 126. Ana ninka lambar mmol/L sau 18 ne a sami ta mg/dL. Na ga wani dattijo a kan benci yana murna wai sugansa 9 kacal, alhali na maƙwabcinsa 95, bai san cewa nasa ne ya hau ba. Idan an ce a yi maka gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin suga na kimanin wata uku, ka sanar da likita idan kana da sikila ko ƙarancin jini, domin suna iya karkatar da sakamakon. Wanda gwajin hanta nau'in B ya nuna ba ya ɗauke da ita ya tambayi allurar rigakafi, guda uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Wanda kuma aka samu yana ɗauke da ita kada ya ruga wurin masu jiƙe-jiƙe. Akwai ƙarin gwaje-gwajen da za su nuna ko yana buƙatar magani yanzu ko sa ido kawai, kuma ya kai iyalinsa a duba su.

Kafin ka fita daga harabar asibitin, ka ɗauki hoton kowace takarda da wayarka, ka mayar da su cikin leda, ka tambayi rana da lokacin karɓar ragowar.

Sauran yinin shi ne ɓangaren da mutane suka fi rainawa, ni kuwa ina ganin rabin aikin ke nan. Mutumin da ya bar jininsa a kwalba ya dawo gida yakan zo da wata damuwa da ba ya iya faɗa wa kowa, idan kuma ya zauna shi kaɗai da waya sai ya shiga intanet yana neman ma'anar kowane harafi da ya gani a takarda, kafin La'asar ya ɗora wa kansa cututtuka biyar. Don haka ka tsara yammacin kamar yadda ka tsara safiyar. Ka yi wanka da ruwan ɗumi, musamman ƙafafun da suka taka ruwan titi, ka ci abinci mai zafi, ka ajiye wayar a ɗaki, kada kuma ka ɗauki kaya mai nauyi da hannun da aka ɗebi jini har zuwa dare. Idan ka biyo ta bakin titi ka sayo gasasshiyar masara sabuwar karya da dafaffiyar gyaɗa, domin lokacinsu ne, kuma ƙamshinsu kaɗai yana mayar da mutum shekara talatin baya.

Abin da za ka kalla ko ka saurara ya zama wanda ka riga ka sani, ka san farkonsa ka san ƙarshensa, saboda zuciyar da ke jiran labari ba ta buƙatar wani sabon tashin hankali. Ni nakan nemo tsofaffin wasannin kwaikwayon da gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos suka riƙa nunawa muna yara, lokacin da akwatin talabijin ɗaya ne a layinmu, mai gidan yakan fito da shi tsakar gida mu zauna a tabarma, idan ruwa ya sauko a kwashe a koma zaure a cunkushe. Da yawansu yanzu suna YouTube, hoton ya dushe, sautin yana shaƙewa, amma dariyar tana nan inda aka bar ta. Ka sauke su a waya ko kwamfuta tun jiya, ka kuma cika caji, saboda ka san halin wutar lantarki da zarar iska ta kaɗa. Idan akwai tsohuwar rediyo mai cin kaset a gidan, ka saya mata batir ka kakkaɓe ta. Kaset ɗin da ya saki ana ɗaure zarensa da biro, kamar yadda muke yi a da. Kiɗan kalangu ko na kukuma yana da wani daɗi na daban idan yayyafi yana bugun kwanon rufi, sai ka ji kamar tare aka shirya su.

Kada ka yi wannan zama kai kaɗai. Ka kira yara su ga abin da ya ba ka dariya kana kamar su, ko da za su yi mamakin yadda aka yi fim babu launi mai kyau. Idan akwai tsohuwa a gidan, to wuta ta ɗauke ma alheri ne: a kunna fitila, a roƙe ta tatsuniya. A bara mahaifiyata ta yi ta noƙewa wai ta manta, da ƙaramar jikarta ta ce mata, "Hajiya, don Allah ko guda ɗaya," sai ta gyara zama ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka amsa ta zo mu ji ta, har da ni da furfurata. Ta kawo Gizo da Ƙoƙi da muryoyinsu, ba ta tsallake ko waƙa ɗaya ba. A cikin wannan hirar ce, da na tambaye ta, ta gaya mini cewa mahaifinta ma ƙafafunsa sun yi ta kumbura kafin ya rasu, kuma ƙanwarta tana fama da suga, abin da ban taɓa sani ba. Na tashi na ɗauko takardata na ƙara a jerin cututtukan dangi, na kai wa likita ranar karɓar sakamako, shi kuma ya ce saboda haka gwajin ƙoda da suga kada ya wuce ni kowace shekara.

Kafin ka kwanta, ka zagaya tsakar gida ka kifar da duk gwangwani da tsohuwar taya da bokitin da ruwa ya taru a ciki, domin a nan sauro yake ƙyanƙyasa, ka sauke gidan sauro ka soke gefensa a ƙarƙashin katifa. Ka ciro takardun daga leda ka shanya su idan sun yi danshi, sannan ka sa su a fayil ɗaya da na bara, sabo a sama. A bangon fayil ɗin ka rubuta kwanan wata, awon jininka, suga, da nauyinka a layi ɗaya ƙarƙashin na shekarun baya, yadda ido zai ga inda lambobin suka dosa. Ka sa ƙararrawar waya ta tuna maka ranar karɓar ragowar sakamako, ka kuma gaya wa mutum ɗaya a gidan ranar, wanda ka san zai tashe ka ko da an kwana ana ruwa.